Hanyar shiga karatun fisiyo da abin da ke cikinsa: wasiƙa ga iyaye da ɗaliban Kebbi da Zamfara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ara mana fili a wannan jarida domin mu amsa wata tambaya da ke yawan fitowa daga bakin iyaye da matasa a nan Kebbi da maƙwabciyarmu Zamfara, musamman idan lokacin sayen fom ɗin JAMB ya ƙarato. Tambayar kan zo ta fuska biyu. Uba zai ce yaronsa ya kusa gama sakandare, yaya za a yi ya zama likitan gashi? Matashi kuma zai ce yana riƙe da digiri a Bayoloji ko ilimin sassan jiki ko ilimin motsa jiki, ya ji ana digiri na biyu a fisiyo, wato aikin likitan gashi, shin idan ya yi shi zai iya duba marasa lafiya? Ta biyun ce ta fi cinye wa mutane shekaru da kuɗi, don haka bari mu faɗi amsarta tun yanzu: a Nijeriya digiri na biyu ba ya mayar da mutum likitan fisiyo. Ƙofar wannan aiki ɗaya ce, ita ce digirin farko na fisiyoterafi daga jami'ar da aka amince da ita, sannan lasisi.

Mutanenmu na kiran wurin aikinmu sashen gashi, saboda fitilar nan mai jan haske da ake haska wa mai ciwon baya. Gashi ɗan ƙaramin yanki ne na aikin. Likitan fisiyo shi ke koya wa wanda ɓarin jikinsa ya shanye yadda zai sake zama da tsayuwa da tafiya, shi ke warware gwiwar da ta sage bayan an cire siminti, shi ke fitar da majina daga ƙirjin wanda ke kwance a ɗakin kulawa ta musamman. Fannin ya shigo ƙasar nan a 1945 ta asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, aka kafa ƙungiyar masu aikin a 1959, Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a 1966. Doka mai lamba 38 ta 1988 ce ta kafa hukumar MRTB, wadda ke rajistar masu aikin da ba su lasisi. A Arewa, Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri su ne suka daɗe suna wannan horo.

Ga mai fitowa daga sakandare, ba a fafe gora ranar tafiya. Maganar tana yankewa ne tun a ajin farko na babbar sakandare, ranar da aka raba yara zuwa ajin kimiyya da sauran azuzuwa. Ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistri da Bayoloji. C6 shi ne mafi ƙarancin kiredit, D7 ba ya shiga lissafi. Darasin Noma ba ya maye gurbin Bayoloji a nan, ko da yaro ya ci A1 a cikinsa. Wasu jami'o'in na son kiredit ɗin biyar a zama ɗaya, wasu na karɓar zama biyu, kuma wannan abu ne da ake dubawa a littafin jagora na JAMB na shekarar da ake ciki, domin yakan canza. Fiziks shi ne ramin da yaranmu suka fi faɗawa, saboda makarantun karkara da dama ba su da tsayayyen malaminsa. Uban da ke Kamba ko Yawuri ko Gummi, idan yana son ɗansa ya bi wannan hanya, ya fara tambayar wa ke koyar da Fiziks a makarantar kafin ya tambayi komai.

A jarrabawar JAMB darussa huɗu ne: Turanci, Bayoloji, Kemistri da Fiziks. Tambayoyi 180, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun, cikin awa biyu, jimillar maki 400. Lissafi ba ya cikin huɗun nan, kuma kuskuren da ake yawan yi shi ne a bar mai cike fom ya sa Lissafi a wurin Fiziks ko Bayoloji. Yaro zai ci maki mai kyau, amma jami'a ba za ta ko duba sunansa ba saboda haɗin darussansa bai dace ba. A karanta takardar rajistar kafin a bar cibiyar. A kuma tabbata suna da ranar haihuwa da ke kan lambar NIN sun yi daidai da na takardar WAEC ko NECO, harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya jawo watanni ana zirga-zirgar gyara.

Makin da JAMB ke sanarwa kowace shekara a matsayin mafi ƙarancin shiga jami'a bai shafi wannan fanni ba. Gurabe kaɗan ne, masu nema da yawa, kuma da yawansu waɗanda suka nemi likitanci ne aka karkato da su. Don haka mai son fisiyo ya yi shiri irin na mai neman likitanci, ya sa jami'ar a zaɓin farko, ya zauna tantancewar da jami'ar ke yi bayan JAMB, ya ɗora sakamakonsa na sakandare a shafin CAPS, wanda JAMB ke ba da gurabe ta cikinsa, idan gurbi ya fito ya karɓa a nan take. Duk gurbin da bai bi ta CAPS ba, ko wa ya kawo shi, zai zama matsala ranar bautar ƙasa. Akwai kuma wata dama da mutanenmu ba su cika sani ba. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe ne kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta zalla, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a karatun boko. Kebbi da Zamfara duk suna cikin wannan rukuni na ƙarshe. Rabon ba ya amfanar wanda ba shi da kiredit biyar ɗin, amma ga wanda ya cika sharaɗi babbar ƙofa ce, kuma takardar shaidar ƙaramar hukuma ce mabuɗinta.

Kafin a biya ko sisi, a binciki abu biyu game da jami'ar, ta gwamnati ce ko mai zaman kanta. Hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta amince da kwas ɗin? Hukumar MRTB ta amince da shi, kuma ɗalibai nawa ta yarje a ɗauka a shekara? Amincewar ɗaya ba ta wadatar da ɗaya. MRTB na sa sunan kowane ɗalibi a kundinta tun yana makaranta, wanda kuwa aka ɗauka sama da adadin da aka yarje zai iya gama karatu ya rasa rantsuwar kama aiki. Haka takardar wata kwas ta wata shida ko difloma da aka liƙa wa sunan fisiyo ba ta ba mutum izinin buɗe wurin gashi ya riƙa karɓar marasa lafiya.

Yanzu ga masu digiri. Ruɗanin ya samo asali ne daga abin da ake gani a intanet game da Amurka. A can fisiyo karatu ne na bayan digiri: mutum zai yi shekara huɗu a kowane fanni, muddin ya ɗauki darussan sharaɗi, wato ilimin sassan jiki, ilimin aikin jiki, Bayoloji, Kemistri, Fiziks, ilimin halayyar ɗan Adam da ƙididdiga. Yawancin makarantu na son ya kawo shaidar awannin da ya yi yana kallon aiki a ƙarƙashin mai lasisi, da wasiƙun shaida, ya nema ta shafin neman gurbi na PTCAS. Sai ya yi kimanin shekara uku ya sami DPT, wato digirin likitan fisiyo, a ciki akwai aƙalla mako 30 na aikin asibiti cikakke, sannan ya ci jarrabawar lasisi ta NPTE, wadda ake wucewa da maki 600 cikin 800. A Ingila ma akwai digiri na biyu na shekara biyu da aka tsara domin masu digiri a fannoni makusanta, da awa 1,000 na aikin asibiti, sai rajista da HCPC, hukumar rajistar masu aikin a can. Waɗannan tsare-tsare na ƙasashensu ne. Wanda ya yi karatun a waje ya dawo, sai MRTB ta tantance takardunsa ta jarraba shi kafin ya taɓa majinyaci a nan.

A gida, mai digiri a wani fannin kimiyya hanyarsa ita ce shiga kai tsaye ta JAMB zuwa aji biyu, idan jami'ar na karɓa, kuma idan sakamakon digirinsa ya kai matakin da ta sa. Ta wannan ƙofa ce masu IJMB da JUPEB, wato karatun share fagen shiga jami'a, ke shiga, da Fiziks, Kemistri da Bayoloji. Kiredit biyar na sakandare na nan daram, digiri ba ya goge su. Gurabe a nan sun fi ƙaranci, kuma mutum zai zauna aji ɗaya da ƙannensa na tsawon shekaru. A farkon 2025 NUC ta sanar da ɗaga digirin fisiyo zuwa DPT, daga shekara biyar zuwa shida, don haka mai shiga aji biyu a sabon tsarin ya lissafa shekara biyar. Muna ganin wanda zuciyarsa ke kan aikin gara ya haƙura ya bi wannan doguwar hanya, domin ita kaɗai ke kaiwa ga lasisi.

Digiri na biyu da na uku a fisiyo, irin waɗanda ake yi a Bayero da Ibadan, an yi su ne domin wanda ya riga ya zama likitan fisiyo yana son ya zurfafa a ɓangare ɗaya, kamar ƙashi da gaɓɓai, ko ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ko yara, ko zuciya da huhu, ko kuma yana son koyarwa da bincike. Ana neman digirin farko na fisiyo, takardar bautar ƙasa, rajistar MRTB, da kundin sakamako da jami'arsa za ta aika. A kuma lura, DPT digirin aiki ne, ba daidai yake da digirin digirgir na bincike ba.

Shi kansa horon, ya kamata yaro ya san abin da zai tarar. Shekarar farko kimiyya ce zalla, kuma a nan ake tace mutane, domin wanda ya faɗi Fiziks ko Kemistri akan mayar da shi wani sashe. Daga aji biyu ake shiga ilimin sassan jiki da aikin jiki da sinadaran jiki. Akwai feɗe gawa a ɗakin koyo. Muna faɗin wannan a fili saboda akwai iyayen da sai yaro ya shiga suke ji, hankalinsu ya tashi. Ɗalibi zai san ƙasusuwa 206, jijiyoyin kai guda 12 a kowane ɓari, na laka 31 a kowane ɓari, da kowace tsoka: inda ta taso, inda ta maƙale, wace jijiya ke motsa ta, me take yi. Haddar dare ɗaya ba ta aiki a nan. A manyan jarrabawoyin aiki makin wucewa 50 ne cikin ɗari, akwai ta rubutu, akwai ta hannu, akwai ta baka a gaban malaman da aka gayyato daga wata jami'a. Wanda ya faɗi akan ba shi damar sakewa, in ya sake faɗuwa ya maimaita aji, bayan haka ƙa'ida kan ce ya bar sashen.

Sai darussan da suka keɓanta da mu: ilimin motsin jiki, jinya da motsa jiki, jinya da hannu, jinya da lantarki, jinya cikin ruwa. Ɗalibi zai koyi auna lanƙwasar gaɓa da ma'aunin kusurwa, ya san gwiwar ƙafa lafiyayya kan lanƙwashe zuwa wajen digiri 135. Zai koyi auna ƙarfin tsoka daga 0 zuwa 5: 0 babu ko motsi, 3 tana iya ɗaga gaɓar da kanta amma ba ta jure turi, 5 cikakken ƙarfi. Ɗalibai na gwada waɗannan a jikin juna kafin su je kan majinyaci, maza da mata a aji ɗaya, kuma a yawancin wurare a Arewa ana barin mace ta gwada da mace. Wannan ma dalili ne da ya sa muke roƙon a tura 'yan mata wannan karatu. Matar da ta haihu take fama da ciwon ƙugu ko ɗigar fitsari, ko dattijuwar da ɓarinta ya shanye, sau da yawa takan daina zuwa asibiti idan namiji ne zai riƙa kama jikinta.

A darasin na'urori ne ake gane bambancin mai ilimi da mai kwaikwayo. Kafin a ɗora wa mutum kowane irin zafi, dole a gwada fatarsa da kwalba biyu, ɗaya ruwan ɗumi ɗaya ruwan sanyi, idonsa a rufe, a ga ko yana bambancewa. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta mutu, ko wanda lakarsa ta taɓu, zai ƙone har fata ta saɓule bai ji ba, ƙunar kuma ta zama gyambon da ba ya warkewa. Na'urar zafi mai ratsa jiki ba a kusantar da ita ga mai ciki, ko mai batirin zuciya, ko wurin da aka sa ƙarfe. Na'urar sauti mai ratsa tsoka tana da zango biyu, mai lamba 1 na wuri mai zurfi, mai lamba 3 na kusa da fata, kuma ba a tsayar da kan na'urar wuri ɗaya. Sabon targaɗe mai kumburi ba a gasa shi, sanyi ake sa masa. Ƙafar da ta kumbura ta yi zafi a sha raɓa bayan doguwar kwanciya ba a murza ta, domin yana yiwuwa gudan jini ne, in ya ɓalle huhu zai nufa. Duk wanda ya sayi fitila a kasuwa ya rataya allo, waɗannan ne abubuwan da bai sani ba.

Shekarun ƙarshe a asibiti ake yin su, ana zagayawa sashe-sashe da littafin da malami ke sa wa hannu kan kowane majinyacin da ɗalibi ya duba. Abin da zai gani a can shi ne abin da ke jiran sa a gida. Zai ga mai hawan jinin da ɓarinsa ya shanye, 'yan uwa sun riƙa ɗaga shi ta hannun da ya mutu har kafaɗa ta zame, ya koya musu su tallafe shi ta jiki, su kuma juya shi duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya. Zai ga yaron da aka yi wa allura a tsakiyar ɗuwawu ta sami babbar jijiya, ƙafa ta saki tana ja a ƙasa, iyaye na cewa shan inna ce, alhali tun 2020 aka tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Nijeriya. Zai ga jaririn da aka ja wajen haihuwa hannunsa ya saki, da wanda shawara ta taɓa ƙwaƙwalwarsa a makon farko ya kai shekara wuya bai tsaya ba, da mai murɗaɗɗiyar ƙafa da ake gyarawa da siminti mako-mako. Zai ga hannun yaron da aka ɗaure tamau wajen ɗori jini ya kasa wucewa, yatsu suka ƙanƙance. Hatsarin babur a hanyoyinmu na kawo masu karyewar laka. A Zamfara akwai yaran da suka tsira daga gubar dalma ta 2010 a yankin Anka da Bukkuyum, wadda ta kashe yara sama da 400, wasu daga cikin waɗanda suka rayu sun tashi da lahani a ƙwaƙwalwa. Ga kuma waɗanda harbin 'yan bindiga ya raba da ƙafa ko hannu, suna buƙatar a shirya dungun kafin a yi maganar ƙafar roba.

Gama jarrabawar ƙarshe bai kawo ƙarshen hanya ba. MRTB za ta rantsar da wanda ya gama ta ba shi lasisin wucin gadi, ya yi wata 12 na sanin makamar aiki a asibitin da hukumar ta amince da shi, sannan bautar ƙasa ga wanda bai yi ba kuma bai haura shekara 30 ba lokacin kammalawa. Bayan haka lasisin kowace shekara ake sabunta shi. Idan aka haɗa, daga shiga jami'a zuwa tsayuwa da ƙafa shekara takwas ne a sabon tsari, in ba a yi yajin aiki ba. Uba ya san wannan lissafi tun farko, da kuɗin makaranta da masauki a Kano ko Maiduguri, da farar riga da ƙananan kayan aiki da kuɗin zirga-zirga zuwa asibiti.

Roƙonmu ga hukumomin ba da tallafin karatu na Kebbi da Zamfara shi ne su sa ɗaliban fisiyo a sahu ɗaya da na likitanci da haɗa magunguna wajen biyan kuɗi, tunda shekarun sun zama ɗaya, su kuma ware gurabe ga 'yan mata. Ma'aikatun lafiya na jihohin biyu su kuma duba maganar shekarar sanin makamar aiki, domin a nan ne muke asarar yaranmu. Wanda ya gama ya rasa gurbi a gida zai tafi wata jiha, inda ya yi shekarar kuma a nan yakan sami aiki ya zauna. Hukumar MRTB ba ta amincewa da asibiti ya horar sai yana da isassun manyan likitocin fisiyo da za su sa ido, da kayan aiki, da marasa lafiya iri-iri. Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau su ne ya kamata a fara ƙarfafawa da ma'aikata da kaya domin su riƙa ɗaukar masu horo da yawa kowace shekara. Daga cikin waɗanda suka gama a nan ne za a samu na turawa manyan asibitocin Argungu, Zuru, Yawuri, Ƙauran Namoda da Talata Mafara, yadda mai shanyewar ɓarin jiki ba sai an ɗauko masa shatar mota zuwa babban birni sau biyu a mako ba.

Wassalam.

Daga wasu likitocin fisiyo,
Birnin Kebbi, Jihar Kebbi.